Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Korona Ke Aron Enzayim na Jikinmu Ta Shiga Ciki, da Neman Maganin da Zai Hana Ta

Ƙwayar cutar korona ba ta iya shiga cikin ƙwayoyin jikin mutum da ƙarfin kanta. Sai jikin ya ba ta hannu, ba da saninsa ba. A kan wannan ne masana suka gina wata dabara ta haɗa magani, dabarar da ta yi kyau matuƙa a ɗakin gwaji amma ta sha ƙasa a asibiti. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Mene ne enzayim, kuma me ya haɗa shi da korona?

Enzayim furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya hanzarta wani aiki guda. Wani narkar da abinci ne aikinsa, wani daskarar da jini idan an ji rauni, wani kuma farfasa magani a hanta. Akwai rukuni guda da ba su da aiki sai yanka wasu furotin a daidai wata gaɓa, ba gaba ba baya. Waɗannan masu yanka su ne korona ke nema.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira sel, kowanne lulluɓe da tantani na kitse. Bairos, wato ƙwayar cuta irin korona, ba ya hayayyafa a waje. Dole ya zuba kayan gadonsa cikin sel, sel ɗin ya koma buga masa kwafi. Matsalarsa ita ce tantanin nan, domin shi ma bairos ɗin yana da nasa tantanin, kuma tantani biyu ba sa haɗewa haka kawai don sun gogi juna.

To ta yaya take ratsa tantanin?

Da ƙayoyin nan da ake gani a jikinta a kowane hoto. Kowace ƙaya furotin uku ne iri ɗaya da suka murɗe wuri guda, kuma kowane ɗaya sarƙa ce ta amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 1,273 a korona ta 2019. Ƙayar kashi biyu ce. Na sama, S1, shi ke kama wani furotin da ke fuskar sel mai suna ACE2. Na ƙasa, S2, shi ke yin ainihin aikin haɗe tantanin biyu.

Kamawa kaɗai ba ta wadatar. S2 kamar tarko ne da aka ɗana aka ɗaure bakinsa da zare a wuri biyu: muddin ba a tsinke zaren ba, ba zai kama ba. Yanka na farko yana tsakanin S1 da S2. Na biyu yana can cikin S2, a wurin da masana ke kira S2′. Da zarar an yi na biyun, S1 ya yaye, S2 ya miƙe ya soka tsininsa cikin tantanin sel, sannan ya naɗe kansa ya janyo tantanin biyu har su haɗe, ƙofa ta buɗe, kayan gadon bairos su zube ciki.

Bairos ɗin yana da nasa enzayim masu yanka guda biyu, amma sai ya shiga ciki ake ƙera su, kuma aikinsu daban ne. A bakin shiga ba shi da ko ɗaya. Duk yankan biyu da na mutum ake yin su.

Su wane ne ke yin yankan?

Uku aka fi sani.

Furin shi ke yin na farko, kuma abin lura shi ne yakan yi shi tun kafin bairos ya bar sel ɗin da aka ƙera shi. Wato sabon bairos yana fitowa da rabin aikin a gama.

TMPRSS2 yana zaune a fuskar sel na hanci, maƙogwaro, huhu da hanji, sau da yawa kusa da ACE2. Shi ke yin yanka na biyu nan take a waje, bairos ya shiga cikin ɗan lokaci. Wannan ita ce gajeriyar hanya.

Idan sel ba shi da TMPRSS2, sai ya haɗiye bairos ɗin gaba ɗaya cikin wata 'yar jaka. A hankali cikin jakar yana ƙara tsami, tsamin ya tayar da wani enzayim mai suna katefsin L, shi kuma ya yi yankan. Hanya ce mai tsawo, kuma akwai wasu furotin na garkuwar jiki da ke tsare ta, amma tana kaiwa.

A riƙe wannan magana ta hanya biyu. Kusan duk abin da ya biyo baya a kanta ya rataya.

Na ji an ce ACE2 yana da alaƙa da hawan jini. Maganin da nake sha yana ƙara mini haɗari?

A'a, kuma kada ka daina shan sa saboda korona. ACE2 shi ma enzayim ne, an gano shi a 2000, aikinsa rage wani sinadari da ke matse jijiyoyin jini. A 2003 masu bincike a Harvard suka nuna cewa shi ne makamar bairos ɗin SARS. Sai dai bairos ba ya buƙatar aikin yankan ACE2, jikinsa kawai yake kamawa, a wani gefe daban da inda aikin yake gudana.

Magunguna irin su lisinopril da captopril ɗan'uwansa ACE suke dannewa, ba ACE2 ba. A farkon 2020 an yi fargabar cewa su da losartan za su iya ƙara yawan ACE2 a jiki. An gwada a Birazil, a wani gwaji mai suna BRACE CORONA: aka dakatar wa wasu majinyata maganin, aka bar wa wasu, ba a ga wata riba a dakatarwar ba. Hawan jinin da aka bari ba magani kuwa kowa ya san inda yake kai mutum.

Duk nau'o'in korona ACE2 suke kamawa?

Bakwai ne aka fi sani suna kama mutane. Huɗu mura kawai suke sawa: 229E, NL63, OC43 da HKU1. Uku kuma masu tsanani ne: SARS da ta ɓulla a kudancin China a 2002 ta kashe mutum 774, MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, sai ta 2019. SARS, NL63 da ta 2019 ACE2 suke kamawa. 229E wani enzayim take kamawa mai suna APN. HKU1 kuwa, a 2023 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka nuna TMPRSS2 ɗin kansa ne makamarta.

MERS ta fi shafarmu, don cutar raƙuma ce. Makamarta wani enzayim ne mai suna DPP4, kamar yadda aka gano a Rotterdam ta ƙasar Holan a 2013. A raƙumi DPP4 yana da yawa a cikin hanci, shi ya sa raƙumi ke yin 'yar majina ya yaɗa wa garke. A mutum ya fi yawa can ƙasa cikin huhu, don haka ba ta saurin yaɗuwa, amma idan ta kama tana yin muni: kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun mutu. Masu bincike daga Jami'ar Hong Kong tare da abokan aikinsu na Najeriya sun sami bairos ɗin a raƙuman da ake kawowa abbatuwa a Kano. Gwajin jinin mahautan bai nuna alamar da aka saba dubawa ba, amma wani bincike na baya ya ga wasunsu garkuwar jikinsu ta taɓa haɗuwa da shi. Shawarar da ake ba mahajjata ta guje wa raƙuma da ɗanyen nononsu daga wannan alaƙa ta MERS da raƙuma ta samo tushe.

Masu ciwon suga da ke shan sitagliptin ko vildagliptin, waɗanda DPP4 suke dannewa, kada su ɗauka sun sami kariya daga MERS. An gwada, ba sa hana ta shiga, saboda dalili ɗaya da na ACE2.

Me ya sa za a kai wa enzayim ɗinmu hari, ba a nufi bairos ɗin kai tsaye ba?

Saboda bairos yana rikiɗa, mu kuwa ba ma rikiɗa da irin wannan saurin. An ga haka ƙarara da alluran furotin na garkuwa (ba na rigakafi ba) da aka ƙera don su kama ƙayar: ɗaya bayan ɗaya suka daina aiki da nau'in ya canza, har Amurka ta janye izinin ɗaya daga cikinsu, Evusheld, a Janairun 2023. TMPRSS2 na mutum kuwa yadda yake bara haka yake bana.

Riba ta biyu ta fi wannan girma. Bairos da yawa wuƙa ɗaya suke ara. TMPRSS2 yana yi wa SARS da MERS aiki, yana kuma yi wa bairos ɗin mura mai tsanani. Maganin da ya danne shi zai iya zama a ajiye tun kafin sabuwar annoba ta zo, a lokacin da ba a ma san sunan bairos ɗin ba. Kuma dabarar ba mafarki ba ce: maraviroc, maganin ƙanjamau da aka amince da shi a 2007, furotin ɗin mutum yake toshewa, ba na bairos ba.

Ba za a yi wa jiki illa ba?

Ya danganta da wanda aka taɓa. Furin yana da ayyuka masu yawa a jiki, ɓerayen da aka cire musu shi tun a ciki suke mutuwa. Danne shi gaba ɗaya ba abin wasa ba ne. TMPRSS2 kuwa ɓerayen da ba su da shi suna girma su haihu lafiya lau, kuma sun fi jure wa wasu nau'o'in mura. Shi ya sa idanu suka koma kansa.

Akwai maganin da ke danne TMPRSS2?

Akwai, tun kafin annobar ma. A watan Maris na 2020, Markus Hoffmann da Stefan Pöhlmann da abokan aikinsu a Göttingen ta Jamus suka wallafa cewa sabuwar korona ACE2 take kamawa, TMPRSS2 ke yanka mata, kuma wani tsohon magani mai suna camostat yana hana ta shiga sel na huhun mutum a ɗakin gwaji. Japan ta daɗe tana amfani da camostat tun shekarun 1980 don kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Ƙwaya ce ta haɗiya, an san illolinta, ba ta da tsada. Akwai kuma ɗan'uwansa nafamostat, wanda ya fi shi ƙarfi a gwaji, ana amfani da shi a Japan da Koriya ta Kudu don hana jini daskarewa lokacin wankin ƙoda.

A lokacin, duk wanda ya karanta wannan sakamako yana da hujjar sa rai. Aka shiga gwaji a kan mutane. A Denmark an gwada shi kan majinyata 205 da ke kwance a asibiti, ana ba da miligiram 200 sau uku a rana tsawon kwana biyar, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Ba a ga bambanci ba. An sake gwadawa a Amurka kan waɗanda cutar ba ta kwantar ba, nan ma babu abin a zo a gani. Nafamostat bai ba da tabbataccen sakamako ba, ga shi sai ta jijiya ake ba da shi, yana ɓacewa daga jini cikin mintoci, yana kuma iya ɗaga fotasiyam a jini har ya taɓa bugun zuciya.

In dai ilimin daidai ne, me ya hana maganin aiki?

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko hanya biyun nan: ka toshe ta TMPRSS2, ta katefsin na nan. Tun a gwajin Göttingen an ga cewa a wasu sel sai an haɗa camostat da mai danne katefsin kafin shiga ta tsaya cak. Ban da haka TMPRSS2 yana da dangi a hanyar numfashi da za su iya karɓar aikinsa.

Na biyu lokaci. Maganin hana shiga amfaninsa a farko ne. Bairos ya fi yawa a jiki a kwanakin da alamu ke farawa. Wanda aka kwantar bayan mako guda yana haki, abin da ke cin sa galibi garkuwar jikinsa ce da ta wuce gona da iri. Shi ya sa dexamethasone, wanda ba ya taɓa bairos ko kaɗan sai dai ya kwantar da kumburi, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku a gwajin RECOVERY na Birtaniya.

Na uku, isar maganin wurin da ake bukata. A ɗakin gwaji kai tsaye ake zuba shi kan sel. A jiki kuwa sai ya bi ciki, ya bi hanta, jini ya farfasa shi, abin da zai kai fuskar hanci da huhu kaɗan ne. A ganina wannan ne ya fi cutar da camostat: an ƙera shi don wata gaɓa, aka tura shi aiki wata.

Kulorokwin fa? Ai an ce masana sun tabbatar yana kashe korona.

Nan ne labarin ya fi koyarwa. Kulorokwin da ɗan'uwansa hydroxychloroquine suna taruwa cikin 'yar jakar nan su rage mata tsami. Babu tsami, katefsin ba ya tashi, bairos ya maƙale a jaka. A Fabrairun 2020 masu bincike a Wuhan suka nuna hakan yana faruwa, kuma gaskiya suka faɗa.

Abin tambaya shi ne, a wane sel? Sun yi amfani da sel da ake kira Vero, wanda aka samo daga ƙodar wani biri na Afirka a Japan a 1962, ake ta rainon sa a ɗakunan gwaji na duniya saboda bairos na son sa. Vero kusan ba shi da TMPRSS2. Hanya ɗaya ce a cikinsa, ta jaka, ita ce kuma kulorokwin ke toshewa. A Yulin wannan shekara mutanen Göttingen suka maimaita gwajin da sel na huhun mutum, kulorokwin bai hana komai ba. Suka ƙara wa Vero ɗin TMPRSS2, nan ma ƙarfin maganin ya zube.

Kafin wannan bayani ya fito, magana ta riga ta bazu. A Maris shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi maganin a bainar jama'a, cikin kwanaki hukumomin lafiya na Legas suka sanar da samun mutanen da suka sha shi fiye da kima har aka kai su asibiti, farashinsa ya tashi a kemis. Magani ne da muka saba da shi, da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, sabon nan kuwa ya sa mutane suka manta cewa yawansa yana birkita bugun zuciya. A RECOVERY an ba majinyata sama da 1,500 hydroxychloroquine, aka kwatanta su da sama da 3,000 da ba a ba su ba, bai ceci rai ba.

Don haka idan an turo maka saƙo a WhatsApp cewa wani ganye ko magani ya kashe bairos a ɗakin gwaji, ƙila ba ƙarya ba ne. Ka tambaya a wane sel, da wane yawa, kuma an gwada a mutum?

Omicron ta canza lissafin?

Ta canza. Da aka sanar da ita daga Afirka ta Kudu da Botswana a Nuwamban 2021, ɗakunan gwaji da dama sun ga nau'inta na farko bai ƙware wajen amfani da TMPRSS2 kamar nau'in Delta da ya gabace ta ba, ya fi karkata ga hanyar jaka a sel da yawa. Ana ganin wannan na cikin abin da ya sa ta fi zama a hanci da maƙogwaro fiye da can cikin huhu, tare da cewa mutane da yawa sun riga sun sami garkuwa ta rigakafi ko ta kamuwa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna har yanzu TMPRSS2 na da amfani gare ta a jiki mai rai. Amma ta rage ƙarfin waccan hujja ta cewa bairos ba zai iya kauce wa irin wannan magani ba. Ba zai canza enzayim ɗinmu ba, gaskiya ne, amma zai iya canza wanda yake dogara da shi.

Gaskiya ne TMPRSS2 ne ya sa cutar ta fi kashe maza?

Zato ne mai ma'ana da bai tsaya da ƙafarsa ba. Sinadarin maza yana ƙara yawan TMPRSS2 a furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma likitocin kansa sun san shi tun 2005 saboda rawar da yake takawa a kansar wannan gaɓa. An gwada magungunan rage sinadarin maza, enzalutamide a Suwidin da degarelix a Amurka, ba su taimaka ba.

Me ya sa ake ta jayayya a kan wurin yankan furin?

Saboda a ƙayar korona ta 2019 akwai ƙarin amino asid huɗu a daidai tsakanin S1 da S2, su ne suka ba furin wurin yanka, kuma danginta na kusa da aka samu a jemagu ba su da su, SARS ta 2002 ma ba ta da su. Masu zargin daga ɗakin gwaji ta fito suna kafa hujja da wannan. Masu cewa daga dabba ta tsallako suna nuna cewa MERS, OC43 da HKU1 duk suna da irin wurin, ba wanda ya sa musu. Wurin shi kaɗai bai raba gardamar ba. Abin da gwaji ya nuna shi ne amfaninsa ga bairos: da aka cire shi, yaɗuwa tsakanin dabbobin gwaji ta ragu sosai. Nau'o'in Alpha da Delta kuma duk sun yi canji a amino asid mai lamba 681, daf da wurin.

Magungunan da ake bayarwa yanzu, wa suke dannewa?

Magungunan da ke yaƙar bairos ɗin, enzayim na bairos suke nufa. Remdesivir yana lalata enzayim ɗin da ke buga kwafi, nirmatrelvir da ke cikin maganin haɗiya Paxlovid yana danne babban mai yanka na bairos. Sai dai ko a nan ba a rabu da namu ba. Remdesivir sai enzayim ɗin mutum sun sarrafa shi a cikin sel kafin ya fara aiki. Ƙwaya ta biyu a Paxlovid kuwa, ritonavir, ba ruwanta da korona: wani enzayim na hanta mai suna CYP3A4 take dannewa don kada ya yi saurin farfasa nirmatrelvir. Shi wannan enzayim shi ke farfasa magunguna da yawa, ciki har da wasu na rage kitse a jini, na zuciya da na hana daskarewar jini. Wanda za a ba Paxlovid ya zayyana wa likita duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Rifampicin na tarin fuka ma akasin haka yake yi, yana ƙara wa enzayim ɗin ƙarfi ya cinye maganin, shi ya sa ba a haɗa su.

Wannan ilimi ya tsaya kan korona kaɗai?

Ina! Murar tsuntsaye H5N1, wadda ta fara bayyana a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006, tana da wurin da furin ke yankawa, kuma da yake furin na ko'ina a jikin kaza, cutar ba ta tsayawa a hanyar numfashi, shi ya sa take kwashe kaji a dare ɗaya. Ebola katefsin take bukata. Bairos ɗin zazzaɓin Lassa kuma wani ɗan'uwan furin mai suna S1P ke yanka masa.

Ina aka kwana yanzu?

Babu maganin danne TMPRSS2, furin ko katefsin da aka amince da shi don korona. Aikin ya koma kan gyara kurakuran da aka gani: a ƙera magani musamman don TMPRSS2 maimakon aron tsoho, a fesa shi a hanci ya sauka inda bairos ke sauka, a ba da shi da wuri ko ma kafin kamuwa, a kuma haɗa shi da abin da zai toshe hanya ta biyu. A 2022 masu bincike daga Kanada da Amurka suka wallafa sakamakon wani sinadari mai suna N-0385, wanda suka ɗiga wa ɓeraye a hanci ya kare su daga cutar mai tsanani. A ɓeraye aka ga hakan, gwajin mutane mataki ne daban.